Jan Fenti Biyu a Kan Maleji

Yayana makaniki ne, ni kuwa malamin makaranta. Idan ka tambayi mutanen Mafara a kanmu abin da za su ce maka ke nan, sai su ƙara da cewa ai mu ne mahaukatan nan biyu masu ƙera mota. Sunan bai taɓa damuna ba. Waɗanda ke ƙona mini rai su ne masu cewa wai ba mota ba ce, amalanke ce aka sa wa inji. Irin waɗannan, wallahi, ko ƙusa ka ba su ba za su buga ta daidai ba, amma bakinsu ya fi na kowa tsawo.

Shekara tara ya ba ni. Garejinsa yana bakin gari, rumfar kwano ce da rami guda na duba ƙarƙashin mota, sai wata bishiyar darbejiya da muke sallah a ƙarƙashinta. Daga Litinin zuwa Alhamis yana gyaran motocin mutane da injinan ban ruwa na manoman Bakolori, da haka yake ciyar da gidansa. Amma daga an sauko masallacin Juma'a har yammacin Lahadi, wannan lokacinmu ne. Zan tuɓe rigar koyarwa in rataye a ƙusa, in sa wata tsohuwar rigarsa da baƙin mai ya riga ya cinye, ya dube ni ya ce, "Malam ya iso, a ɓoye sufana." Haka yake kirana, Malam, kuma duk lokacin da ya faɗa da tsokana a ciki.

Motarmu ta farko mun haɗa ta ne ina sabon ɗaukar aiki. Injin wata tsohuwar motar haya ne da ta gaji da hanyar Sakkwato, jikin kuma bututun ƙarfe ne da muka tsinto wurin masu gwangwan, Yaya ya lanƙwasa ya yi musu walda. Kujera biyu, taya huɗu, sitiyari. Ba rufi, ba ƙofa, ba gilashi, ba fitila. Dokarsa guda ce: duk abin da ba ya taimakon gudu, nauyi ne, a cire shi. Har salansa, tulun ƙarfen nan mai rage ƙarar inji, bai yarda da ita ba. Ya ce inji kamar mutum ne, ba ka toshe masa hanci ka ce ya yi tsere. Saboda haka hayaƙin yana fita ne ta wani gajeren bututu miƙaƙƙe, kuma duk sa'ad da ya ɗaga ƙafa daga totur don ya canza giya, sai ka ji tas-tas-tas, har da ɗan harshen wuta. Shi da kansa ya yi ta wasa da kafireto har sai da ya samo wannan ƙarar. Yana sonta fiye da yadda yake son tuwo.

A wancan lokacin hanyar Maradun muke bi. Mahaifiyarmu 'yar Tsibiri ce, dangi na can da Dosara, don haka gwajin mota da zumunci tare suke tafiya. Kai, ba zan manta ba. Tun muna nesa ake jin mu. Manomi zai yar da fartanya ya sheƙo bakin hanya, mata su leƙo ta kan darni, masu kiwo su bar shanu su tsaya da sanda a kafaɗa suna dariya. Wani kawunmu a Dosara, tsoho mai faɗa, kullum sai ya ce mu 'yan iska ne za mu kashe kanmu a banza, kuma kullum sai ya hau an zaga da shi, yana riƙe da hularsa da hannu biyu yana salati.

Ranar da motar ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, muna dawowa gareji Yaya ya cire gilashin maleji, agogon nan mai nuna gudu, ya tsoma tsinken ashana a gwangwanin jan fenti, ya ɗiga daidai inda allura ta tsaya. Ya ce, "Wanga shi ne abokin gabarmu. Sai mun wuce shi." Ba mu wuce shi ba. Wata biyu bayan nan injin ya buga, fistin ya fasa gefe ya fito. Muka sayar da ƙarafan, amma malejin Yaya ya ajiye shi a akwatin kayan aikinsa, naɗe a tsumma.

Daga nan rayuwa ta yi ta tafiya da mu. Na yi aure, 'ya'yansa suka girma, Inna ta rasu. Sai kuma hanyar Maradun ta fara lalacewa, ba lalacewar kwalta ba. Ɓarayin daji. Da farko sai a ce kar ka yi yamma, daga baya aka ce kar ka yi sammako, daga baya aka daina cewa komai, kowa ya san inda ƙafarsa za ta tsaya. Danginmu suka fara zuwa Mafara da buhuna a ka, wasu suka koma, wasu suka zauna. Kawun nan namu a ɗakin zauren Yaya ya ƙarasa kwanakinsa, yana tambayar ko an ga jakinsa.

Ni na ɗauka zancen mota ya mutu. Sai wata Juma'a na je gaishe shi, na tarar da wani ƙaton inji mai silinda shida rataye da sarƙa a reshen darbejiya. Na wata babbar mota ce da ta yi hatsari, bodin ya tashi aiki amma injin ko ƙwarzane babu. Yaya na tsaye yana shafa shi. Ya ce, "Malam, rigarka tana nan a ƙusa." Na ce masa, "Yaya, ina za mu tuƙa ta? A tsakar gida?" Ya ce in dai akwai mota, hanya za ta samu.

Shekara uku muka yi a kanta. Kafireto biyu ya sa mata, ya rage tsawon ƙafafunta har ta kusa kwanciya a ƙasa, ya faɗaɗa tayoyin baya, ya ɗauko tsohon malejin nan da jan ɗigonsa ya dasa a gaban kujerata. Salansa kuwa wannan karon dole ya sa, don gari ya riga ya iso garejin, gidaje sun kewaye mu, limamin unguwa ya yi magana sau biyu. Ya sa ta yana ƙunƙuni kamar wanda aka tilasta wa shan maɗaci.

A cikin waɗannan shekarun ne na fara lura da abin. Zan miƙa masa sufana ta gefe, sai ya bar ni da hannu a sama. Zai juya ya yi karo da bokitin mai da ke kusa da ƙafarsa. Mutum zai yi sallama ya tsaya a gefensa, sai ya juya kansa gaba ɗaya yana neman mai magana. Na ɗora laifin a kan walda, don duk rayuwarsa da baƙin tabarau na kasuwar Talata yake yin ta, idan ido ya yi ja ya ɗiga madarar gwangwani ya kwanta. Na yi faɗa har na gaji. Na ce masa madara ta shayi ce ba ta ido ba. Ya ce ni da ban taɓa riƙe wayar walda ba zan koya masa aikinsa.

Da ƙyar na ja shi muka je wurin likitan ido a Sakkwato. Likitan ya duba, ya sake dubawa, ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai rage saurin abin, ba zai tsayar da shi ba. Muka kamo hanyar gida. Da muka iso gareji Yaya ya ɗauko wani guntun bututu, ya kafa mini a ido ɗaya, ya rufe ɗayan da tafinsa mai warin fetur.

"Mi kake gani?"

"Ƙofar gareji," na ce.

"Gefe hwa?"

"Ba komai."

"To haka nike gani. Kuma kullum bututun ƙara matsewa yake."

Sai na fara faɗa, don ni idan baƙin ciki ya kama ni faɗa nake yi. Na ce tun yaushe, me ya sa bai faɗa ba, wane irin taurin kai ne wannan. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce abu ɗaya yake so kafin bututun ya rufe. Yana so ya zauna a bayan sitiyarin nan, shi da kansa, allurar ta wuce jan ɗigon. Ya ce hanya miƙaƙƙiya yana ganinta sarai. Abin da ba zai iya ba shi ne ya kalli hanya ya kuma kalli maleji.

"Idona na hanya," ya ce. "Naka na allura da gefe. Amana ce na ba ka."

Ai kuwa na karɓa. Wa zai ƙi?

Sati biyu ina yawo a babur ina neman hanya. Ta Maradun ba a ma maganarta. Babbar hanyar Sakkwato manyan motoci sun yi yawa, ga shingayen bincike. Daga ƙarshe na samu wani yanki a hanyar da ta ratsa gonakin shinkafa ta nufi Bakura, miƙaƙƙe, ramukansa kaɗan, kuma na ƙirga su na haddace. Na zaɓi safiyar Lahadi. Lokacin kakar shinkafa ne, gonaki cike da mutane hagu da dama, masu yanka da lauje, masu bugu a jikin ganga, mata masu sheƙa da masu kala a bayansu. Na ma ji daɗin hakan. Na ce a raina, Yaya zai samu 'yan kallo kamar da.

Ni na tuƙa mu zuwa wurin a hankali, muka sauya kujera. Ya yi bismilla, ya gyara zama, ya kafa kansa tsaye kamar an ɗaure masa wuya. Muka tashi. Motar nan ta yi gudu, ba ƙarya, iska har tana ja mini kumatu. Idona na kan allura, tana hawa, tana hawa, sai ta fara kasala, ta tsaya. Saura kamar faɗin yatsa biyu ta taɓa jan. Na buga masa cinya alamar hanya ta kusa ƙarewa, ya taka birki.

"Ina ta kai?" ya ce.

"Saura yatsa biyu."

Hannunsa na kan sitiyari. Ya ce, "To. Allah bai yi ba." Kuma abin da ya ƙara ba ni haushi, duk faɗin gonakin nan ba wanda ya ɗaga kai ya dube mu da kyau. Mutum biyu ko uku suka waiga, suka koma ga laujensu.

Nan zuciyata ta tashi. Na ce, "Haba Yaya! Allah bai yi ba kamar yaya? Kai ne ka ce ba a toshe wa inji hanci. Ka shaƙe ta da wannan tulun ƙarfen sannan ka ce ta yi gudu? Nan akwai liman ne? Nan akwai maƙwabta?" Ban jira amsarsa ba. Na ɗauko sufana na kwanta a kwalta na shiga kwance salansa, tana da zafi kamar garwashi. Ta ƙone ni a bayan hannu, tabon yana nan har yau. Na ɗaure ta a bayan kujera da igiyar roba. Ni na yi wannan, ba shi ba. Ina so a san da haka.

Kuma ni ne malamin da ke shiga aji kullum, ajin da rabinsa 'ya'yan waɗanda suka gudo daga ƙauyuka ne. Na sha gani da idona, benci ya faɗi a ajin gefe, yara su ɗauka harbi ne, su kwanta a ƙasa kafin ka ƙifta ido. Na san wannan. Amma a safiyar nan ko kaɗan bai zo mini a rai ba. Ni dai allura nake tunani.

Ya tayar da inji. Ƙarar ta dawo, irin ta da, ta ma fi ta da, don silinda shida ba huɗu ba ce. Na ga fuskarsa ta washe. Muka juya muka fuskanci Mafara. Ya sa giya ta ɗaya, ya taka, ya ɗaga ƙafa zai sa ta biyu.

Tas-tas-tas-tas.

Na ɗaga kai, ina murmushi, in ga sun juyo. Sun juyo kam. Sai na ga wani mutum ya yar da damin shinkafa. Na ga mata sun watsar da faifai. Gaba ɗaya gonar ta motsa, amma ba wajenmu ba. Can ciki suke yi, nesa da hanya, suna faɗuwa suna tashi a cikin laka. Wata mata ta fizgi ɗanta ta hannu ɗaya, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Wani ya faɗa cikin magudanar ruwa da kayansa. Wani ya hau babur, ya kasa tayar da shi, ya yar da shi ya bi sahu. Giya ta uku, tas-tas-tas, sai gonar gaba ita ma ta tashi, sai ta gaba da ita. Muna tafiya muna kwashe mutane daga gonakinsu, hagu da dama. Ba na jin ihunsu, inji ya rufe komai, bakunansu kawai nake gani a buɗe.

Ya kamata in ce ya tsaya. Hannuna na kusa da cinyarsa. Na juya na dube shi, sai na ga yana dariya, hawayen iska na gudu zuwa kunnensa, kansa a kafe, idonsa na cikin ɗan bututun nan nasa inda babu komai sai kwalta. Rabon da in ga wannan dariyar tun Inna na da rai. Ban ce ya tsaya ba. Na bar shi har hanyar ta ƙare, ya ɗaga ƙafa gaba ɗaya, motar ta saki wata doguwar ƙara da ta fi duk na baya muni.

Muka tsaya. Ya kashe inji. Wurin ya yi tsit, ko tsuntsu babu.

"Ta wuce?" ya ce, yana haki.

Sai a lokacin na tuna da allura. Tun daga giya ta biyu ban sake dubanta ba.

"Ta wuce, Yaya."

"Da mi?"

"Da yatsa ɗaya."

Ya bugi sitiyari ya yi hamdala sau uku. Sannan ya ce, "Mutane hwa? Sun zo bakin hanya?"

"Sun zo," na ce. "Har da masu tafi."

Ya so mu koma a hankali ya gaisa da su. Na ce lagireto na tafasa, mu yi gida. Na mayar da salansa a ƙarƙashin wata bishiya, na karɓi tuƙi. Da muka isa gareji ya cire gilashin maleji, ya ba ni tsinken ashana da jan fenti ya ce ni na gani, ni zan ɗiga. Na ɗiga, yatsa ɗaya gaba da tsohon. Da ya bushe ya shafa su biyun da babban yatsansa, ya daɗe yana shafawa.

Labari kuwa ya riga mu shiga gari ta waya, wai ɓarayin daji sun shigo gonaki. Kafin azahar an gane mota ce, kafin la'asar 'yan unguwarmu sun san ko ta wa ce. Mai unguwa ni ya kira, ba Yaya ba. Ya zaunar da ni a zaurensa ya wanke ni tas, ya ce da ilimina da komai. Ban ɗaga kai ba. Da zan tafi ya ce kar in gaya wa Yaya, a bar bawan Allah da abin da ke damunsa. Haka unguwa duka ta yi. Matarsa ta sani, 'ya'yansa sun sani, mai shayin bakin gareji ya sani. Yaya zai zauna yana ba su labarin yadda allura ta wuce, su ce ma sha Allah, su kalli ƙasa. Ni kuwa duk ranar da ya ce "Malam ne shaida," sai in ji kamar in tashi in bar garin.

Kusan sati biyar aka yi a haka. Wata Asabar da hantsi ina garejin, wani mutum ya zo a babur da injin ban ruwa ɗaure a baya. Ba ɗan unguwarmu ba ne, daga wajen Bakura yake. Ya yi sallama, suka gaisa da Yaya, an tashi lahiya, ina gajiya, ina iyali, yaya aiki, yaya haƙuri da zaman da muke ciki. Yaya ya durƙusa ya fara kwance injin, yawanci da lalube, don a lokacin hannunsa ya fi idonsa gani. Mutumin ya zauna a kan benci, bayansa na jingine da motarmu da ke rufe da tamfol.

Yaya ya tambaye shi yaya kaka ta bana. Ya ce shinkafa ta yi, alhamdu lillahi, sai dai gida ba lafiya. Tsohuwarsa ce kwance. Ya ce su mutanen Dosara ne, shekara biyu ke nan da sunka baro gida, ita kuma ba ta iya zama haka nan, sai ta bi mata kala. Ranar wata Lahadi wasu marasa tsoron Allah sunka zo da wata irin mota tana ƙarar bindiga, kowa ya ɗauka an zo. Tsohuwa ta ruga, ta faɗa magudana, ƙugunta ya karye. An kai ta wurin mai ɗori, an kai asibiti, har yau ba ta taka ba. Ya ce abin da ya fi ciwon damunsa, da ta ji an buga ƙofa da ƙarfi sai ta fara jan jiki tana neman ƙarƙashin gado.

Ina tsaye da gwangwanin fetur a hannu. Na ga hannun Yaya ya tsaya a kan fulogi, ya ci gaba, ya sake tsayawa.

"Wace hanya ce?" ya ce.

Mutumin ya faɗa.

"In ka ga mai motar, mi za ka yi mai?"

"Ba komi, Alhaji. In tambaye shi dai, mi munka yi mai."

Yaya ya ci gaba da aikinsa. Ya wanke kafireto, ya mayar, ya ja igiya, injin ya tashi. Ya kashe shi, ya goge hannunsa a tsumma, ya miƙe. Ya ce, "Bawan Allah, motar nan tana bayanka. Ni ne na tuƙa ta."

Mutumin ya juya ya ɗaga gefen tamfol. Ya daɗe yana kallo. Ya dubi Yaya, ya ga yadda yake juya kai yana nemansa. Na shiga tsakani na ce ni ne na cire salansa, ni ne mai laifi, amma ko kallona bai yi ba. Ya ɗora injinsa a babur, ya ɗaure, ya ce, "Allah shi ba ka lahiyar ido." Ya tafi. Wallahi da ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

Muka rage mu biyu. Yaya ya zauna a kan bencin. Ya ce, "Malam." Karon farko da ya faɗi sunan ba tsokana a ciki.

"Na'am, Yaya."

"Ka ce sun zo bakin hanya."

"Ƙarya na yi. Gudu suka yi."

"Duka?"

"Duka."

"Ka gani tun farko?"

"Tun giya ta biyu."

"Ba ka ce in tsaya ba."

Na ce na ga yana dariya ne. Ya girgiza kai. Ya ce shi makaho ne, ba yaro ba ne. Na ɗauka an gama. Sai ya ɗago.

"To allura hwa?"

Na so in sake yin ƙarya. Ba wanda zai taɓa kama ni, don ba mai shaida a duniya sai ni. Amma bakina ya ƙi.

"Ban duba ba, Yaya."

Bai yi faɗa ba. Ya tashi ya yaye tamfol, ya lalubo sukudireba a aljihunsa, ya cire gilashin maleji. Ya shafa da yatsa har ya samu ɗigon farko, ya wuce shi, ya samu na biyu. Ya sa farce ya kankare shi, a hankali, har wurin ya yi sumul. Ya hure garin fentin, ya mayar da gilashi, ya ɗaure ƙusoshi huɗun ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa za mu iya sake gwadawa, da salansa, a wani wuri, zan nemo wata hanya. Ya ce, "Rufe ta."

Ranar Juma'a mai zuwa muka je dubiya, na goya shi a babur. Tsohuwar tana kwance a kan tabarma a wani ɗan ɗaki na aro. Yaya ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo mu. Ta ce ta yafe, ƙaddara ce. Da ta ji mu jikokin Tsibiri ne sai ta fara lissafo mana danginmu, ashe ta san Inna tun suna 'yan mata, ashe ta san kawunmu mai faɗa. Har ta tuna wata mota marar rufi da ke zuwa Dosara a da, ta ce ita ma tana cikin masu leƙe ta kan darni. Yaya ya miƙe yana laluben ƙofa. Ni na yi sallamar.

Kafin ruwan damina ya sauka bututun ya rufe. Har yanzu yana zuwa gareji, babban ɗansa ke riƙe da aikin, shi kuma yana zama a ƙarƙashin darbejiya, idan an tayar da inji ya saurara ya faɗi abin da ke damunsa, kuma da wuya ya kuskure. Motar na nan a rufe, tayoyinta sun sace. An zo saye sau biyu, ya hana. Rigata ma tana nan a ƙusa, ban sake sa ta ba.

Ba ya yi mini zancen. Sau ɗaya kawai, bara, muna zaune bayan la'asar, ya ce ba tare da ya juyo ba, "A jikina dai na ji kamar ta wuce." Ya jira. Na san abin da yake jira, kuma ba ni da shi. Na ce, "Wataƙila, Yaya." Ya gyaɗa kai, ya lalubo butarsa, ya ce in kama hannunsa mu tafi gida.